Tsofaffin rubuce-rubucena na Facebook za su iya hana ni aiki?

Ɗan Autan Gida: Assalamu alaikum. Na kusa kammala bautar ƙasa, zan fara neman aiki da tallafin karatu a waje. Shafina na Facebook cike yake da muhawarar siyasa tun zaɓen 2019, wasu har da zagi. In goge shafin gaba ɗaya ne, ko da wata dabara?

Yaya Bintu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar gogewa. Fara ganin abin da mai ɗaukar aiki zai gani. Ka fita daga asusunka, ka rubuta cikakken sunanka a Google yadda yake a takardunka, sannan da sauran hanyoyin rubuta shi (Muhammad, Mohammed, Muh'd), sai lambar wayarka da imel. Kar ka tsallake ɓangaren hotuna.

A saitin sirri na Facebook akwai Limit past posts. Da ka danna, duk rubutun da ka bari a buɗe ga kowa zai koma na abokai kawai. Amma a nan mutane ke ruɗuwa: wannan bai taɓa sharhin da ka yi a ƙarƙashin rubutun wasu ba, ko a shafukan kafafen labarai, ko a zauruka na kowa da kowa. Kuma galibi can ne zagin yake. Waɗannan sai ka shiga Activity log, wato jerin duk abin da ka taɓa yi a Facebook, ka tace shekara bayan shekara, musamman watannin zaɓe, ka riƙa gogewa da hannu. Ka kuma kunna tantancewa, ta yadda duk abin da aka maƙala wa sunanka ba zai hau shafinka ba sai ka amince. A X (tsohuwar Twitter) kuwa, a wurin bincike rubuta from: haɗe da sunan asusunka, ka ƙara kalmar da kake zargi, zai zaƙulo maka su.

Malam Auwalu: Tunda ka ambaci karatu a waje, ka lura da wannan da kyau. Tun 2019 fom ɗin bizar Amurka, DS-160, yana neman sunayen asusun sada zumuntar da ka yi amfani da su cikin shekara 5 da suka wuce. Ko ka goge asusu, sai ka rubuta shi. Ɓoyewa na iya jawo a hana ka biza. Daga watan Yunin 2025 kuma ana buƙatar masu neman bizar ɗalibai su bar shafukansu a buɗe. Ka ga kullewa kaɗai ba ta wadatar ba, abin da bai dace ba sai an cire shi.

Idan ka goge abu amma yana fitowa a Google, tsohon kwafi ne. Suna da fom na sabunta sakamakon da ya tsufa, ka saka adireshin shafin. Wanda wani ya riga ya ɗauki hotonsa kuwa ya fita daga hannunka. In aka tambaye ka a intabiyu, ka amsa cewa kai ka rubuta kuma ka janye, kar ka ce kutse aka yi maka.

Hajiya Ladi: Ɗana, akwai wanda ba su faɗa ba: Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lambar waya. Sunan da wasu suka adana lambarka da shi ne ke iya bayyana wa mai kiranka zuwa intabiyu. Ka sa wani ya bincika lambar, in laƙabin banza ne ka gyara daga cikin manhajar. Haka hoton WhatsApp, da imel mai ɗauke da sunan wasa. Buɗe sabo da sunanka na ainihi.

Sannan ka buɗe LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, amma shekarun karatu, sunan digiri da wurin bautar ƙasa su zo daidai da na CV ɗinka, don saɓani a nan shi ke sa a fara kokwanto. Ka kunna kariyar shiga mai mataki biyu a duk asusunka, kar ɓata-gari su ƙwace shi su riƙa roƙon kuɗi da sunanka.