Musun kai a bakin kwanon awo

Ɗan Kasuwa:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ranar Lahadin da ta gabata fastonmu ya yi wa'azi a kan Luka 9:23, inda Yesu ya ce duk mai son bin sa sai ya yi musun kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana, kuma wannan "kowace rana" ita ce ta tsaya mini a rai. Ina sayar da shinkafa, wake da gero a kasuwar Sabon Gari, ina saro kaya daga Dawanau, kuma tun daga safe har faɗuwar rana babu abin da ke kaina sai farashi, masu bashi da kuɗin makarantar yara huɗu. Shin mutum irina zai iya miƙa rayuwarsa ɗungum ga Allah, ko kuwa wannan rabon fastoci da masu bishara ne?

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, ba a ce ka rufe shago ba. Manzo Bulus kansa ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:3 ya nuna, kuma umarnin da ke Kolosiyawa 3:23, cewa a yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar Ubangiji ake yi wa, tun farko bayi aka yi wa shi, mutanen da ko lokacinsu ba nasu ba ne. Gicciyenka yana nan kan teburinka. Ni ma na yi shekaru ina awon hatsi, na san kwanon da aka ɗan bubbuge wa gindi don ya rage ci, na san yadda ake shimfiɗa sabon wake a sama a bar mai ƙwari a ƙasa, na kuma san daɗin ɓoye buhuna a jira farashi ya tashi. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Ranar da ka cika wa yarinyar da aka aiko kwano kamar yadda za ka cika wa uwarta mai sa ido, alhali ribar za ta ragu kuma babu wanda zai yaba maka, ranar ka yi musun kai.

Maman Zumunta:
Baba ya yi gaskiya, amma a ganina kasuwa ta fi gida sauƙi. Na taɓa yin azumin kwana uku ina jin kaina kamar na kai, alhali wata biyu ke nan ba na gaisawa da maƙwabciyata saboda jarka biyu ta mai ga-ruwa da muka yi musu a kansu. Da na karanta Ishaya 58, inda Allah ya ƙi azumin masu faɗa da jayayya, kunya ta rufe ni. Barin tuwo bai yi mini wuya ba kamar takawa zuwa ƙofarta in fara cewa "ina kwana".

Ɗan Katolika:
Mu muna da azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa daga Larabar Toka, muna barin nama ranakun Juma'a, kuma ba na raina wannan horo, domin jikin da bai saba jin "a'a" a kan ƙaramin abu ba, da wuya ya ji a kan babba. Sai dai a kiyaye gargaɗin Matiyu 6:16-18, kada a ɓata fuska don mutane su gani.

Ɗan Kasuwa:
Na gode, Baba, na gode, Mama. Kwanona biyu ne, kuma yau da safe na mayar da ɗayan gida. Abin da ya rage mini shi ne wata gwauruwa da nake bin kuɗin kwano shida na shinkafa tun kafin Kirsimeti, ga shi mai ba ni kaya a Dawanau yana jiran nasa ranar Alhamis.