Waɗanda suka ga Bruce Springsteen shi kaɗai a Broadway, ku zo mu ji

Direba a Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka samu shiga zaman waƙa da hira da mawaƙin rok ɗan Amurka Bruce Springsteen ya yi shi kaɗai a Broadway, unguwar zaurukan wasan kwaikwayo ta birnin New York, ko na farko a zauren Walter Kerr daga Oktoba 2017 zuwa Disamba 2018, ko wanda ya maimaita a zauren St. James a 2021. Ni na farkon na gani. Mutumin da ya saba cika filin ƙwallo maƙil, sai ga shi a zauren da kujerunsa ba su kai 1,000 ba. Babu makaɗansa na E Street Band, babu ganga, daga jita sai piyano sai hamonika. Baƙar riga da baƙin wando ya sa, bayansa bangon bulo da akwatunan kayan kiɗa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda yake barin makirufo ya matso bakin dandamali yana magana da muryarsa kawai, kuma har mu da ke can sama muna jin sa. Na daɗe ina jin waƙoƙinsa a rediyon mota, amma sai a daren nan na san abin da yake faɗa a cikinsu. Ku fa, ya kuka gani?

Ma'aikaciyar jinya a Newark:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni abokiyar aikina ce ta ja ni, don ni ba ma'abociyar kiɗan rok ba ce. Na tafi da zaton zan sha hayaniya, sai na tarar da dattijo mai shekara 68 yana ba da labarin iyayensa. Kusan rabin zaman hira ce. Ya yi maganar garinsu Freehold, a nan New Jersey, da cocin Katolika da ke kusa da gidansu, da wata babbar bishiya da yake hawa yana yaro, wadda ya koma daga baya ya tarar an sare.

Inda na kasa riƙe hawaye shi ne wajen mahaifiyarsa Adele. Ya ce sakatariya ce a ofishin lauyoyi, ya kwatanta ƙarar takalminta idan ta fita aiki da safe, da yadda take son rawa. Sannan ya faɗa mana ta yi shekaru tana fama da cutar mantuwa, amma son rawar bai bar ta ba. Ni aikina ke nan, tsofaffi masu wannan ciwo nake kula da su. Na sha ganin wadda ta manta sunan 'ya'yanta amma da an sa waƙar ƙuruciyarta sai ta fara gyaɗa kai. Da ya zauna kan piyano ya rera waƙar da ya yi mata, matar da ke gefena ta miƙo min tishu ba tare da ta kalle ni ba, ita ma kukan take. Da na ji rasuwar mahaifiyar a farkon 2024 sai da na yi jimami kamar na san ta.

Ɗalibi a Jersey City:
Ni kam ta ƙuri'a na shiga. A zagayen farko, kowane zama an riƙa ware tikiti 26 a kan dala 75, a raba ta intanet. Na yi ta gwadawa har Allah Ya ba ni. In ba haka ba ina ni ina Broadway.

Baba mai shago a Harlem:
Yaro ka yi sa'a. Ku bar ni in faɗi abin da ke raina, ko da zai ɓata wa wasu. A lokacin tikiti daga dala 75 ne har zuwa 850, kuma masu saye su sayar sun kai shi dubbai. Ɗana ne ya saya min, da na san kuɗin tun farko da na hana shi. Wannan mawaƙi ya yi suna ne da waƙar leburori, da 'yan masana'antar da aka rufe, da sojan da ya dawo daga yaƙi bai samu aiki ba. To waɗannan mutanen suna ina a daren? Na waiga hagu da dama, masu kwat da agogo mai tsada na fi gani. Direban bas irin mahaifinsa ba zai iya sayen kujerar gaba ba. Wannan ya dame ni, kuma har yau yana damuna.

Sai dai zan ba shi haƙƙinsa a abu guda. Da bakinsa ya ce bai taɓa aiki a masana'anta ba, bai taɓa aikin safe zuwa yamma ba, rayuwar mahaifinsa ce ya ara ya sa a waƙa. Mutum ya kai wannan matsayi ya tsaya gaban jama'a ya faɗi haka, ba ƙaramin abu ba ne.

Direba a Bronx:
Gaskiyarka Baba, ba ni da ja kan maganar kuɗi. Amma maganar mahaifin nan ita ta kama ni. Ya siffanta shi a matsayin mutum mai shiru, mai zama a kicin cikin duhu, wanda ba ya iya buɗe baki ya ce wa ɗansa yana son sa. Sai kwana kaɗan kafin a haifa wa Bruce ɗansa na fari, tsohon ya yi doguwar tafiya a mota ya same shi, ya amsa cewa bai kyauta masa ba. Mu da muka bar iyaye a gida, wasu suka rasu ba mu samu zuwa jana'iza ba, mun san nauyin wannan magana. Na fito daga zauren na kira Yayana a Kumasi, ban ma duba ƙarfe nawa ne a can ba.

Malama a Philadelphia:
Ni na taɓa ganinsa da cikakkiyar tawagarsa a filin wasa, don haka ina da abin gwadawa. A can mutane na tsalle suna ɗaga hannu idan ya kai kan waƙarsa Born in the U.S.A. ta 1984, da yawa sun ɗauke ta waƙar kirari ce ga Amurka. A Walter Kerr kafin ya taɓa ta sai da ya ba da labarin abokansa biyu na ƙuruciya, Bart Haynes da Walter Cichon, makaɗa ne su ma, da suka tafi yaƙin Biyetnam ba su dawo ba. Ya ce shi ya yi dabara ya kauce wa shiga soja, kuma yakan yi tunanin wanda aka tura a madadinsa. Sannan ya ɗauko jita mai tsirkiya 12 ya kaɗa ta da ɗaci, ya rera baitocin kusan ba kiɗa. Babu wanda ya yi tsalle. Waƙar kuka ce ta tsohon soja, ganguna ne suka rufe ta tsawon shekaru.

Ya tuna min da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Allah Ya jiƙansa. Idan mawaƙi ya rage daga shi sai ƙaramin abin kiɗa, dole kalmominsa su tsaya da ƙafafunsu.

Matarsa Patti Scialfa ta fito sun yi waƙa 2 tare. Ya kuma yi doguwar magana kan Clarence Clemons, mai busa sakzafon ɗinsa da ya rasu a 2011. Nan ne kaɗai na ji zauren ya ɓarke da tafi tun bai gama ba.

Ɗalibi a Jersey City:
Anti, wani abokina ya ce duk rubutacce ne, abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa gobe, har inda muryarsa take rawa. Hakan bai rage masa armashi ba a wajenki?

Malama a Philadelphia:
Rubutacce ne mana, ai bai ɓoye ba, galibi daga littafin tarihin rayuwarsa na 2016 ya ɗebo. Sau 236 ya yi shi a zagayen farko. Ni ina koyar da darasi iri ɗaya kowace shekara, kuma maimaitawar ba ta mayar da shi ƙarya ba. Wanda ke zaune a kujerar a ranar, karonsa na farko ne.

Ɗan Damagaram a Bronx:
Sannunku. Ni na 2021 na gani. Shi ne wasa na farko da ya buɗe a Broadway bayan korona ta rufe zaurukan tun Maris 2020. An fara ranar 26 ga Yuni, kuma sai ka nuna shaidar rigakafi a ƙofa. St. James ya fi Walter Kerr girma, kujeru wajen 1,700, amma shirun bai canza ba.

A wannan karon ya ƙara waƙar da ya yi kan Amadou Diallo. Matasanmu da yawa ba su san labarin ba. Ɗan ƙasar Gini ne, ɗan tireda mai shekara 23. A Fabrairun 1999 'yan sanda 4 suka buɗe masa wuta a ƙofar gidansa a Wheeler Avenue, a nan Bronx, harsashi 41, guda 19 suka same shi. Walat ɗinsa ce a hannunsa. Kotu ta sallame su a 2000. A shekarar ce Springsteen ya rera waƙar a Madison Square Garden, babban zauren wasanni na New York, ƙungiyar 'yan sandan birnin ta yi kira a ƙaurace masa, bai fasa ba.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da zuwa ba, ni ma a bakin titi nake kasa kaya. Na tuna yadda muka daina sa hannu a aljihu idan mun hango motar sintiri. Sai ga ni bayan shekara 22 a tsakiyar Turawa, wani dattijo na maimaita adadin harsasan nan a hankali, haske ja a kansa. Na kasa tafi da ya gama. Addu'a na yi wa Amadou a zuciyata, Allah Ya gafarta masa Ya ba mahaifiyarsa haƙuri.

Baba mai shago a Harlem:
Amin. Na san lokacin, mun fita zanga-zanga. Da na san zai yi wannan waƙar a 2021, da ni da kaina zan biya kuɗin.

Ma'aikaciyar jinya a Newark:
Amin ya Allah. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, an ɗauki na Walter Kerr an sa a Netflix tun Disamba 2018. Waƙar Diallo ba ta ciki, tunda na zagayen farko ne, amma labarin iyayen da na Biyetnam duk suna nan. Ku kalla da dare bayan yara sun kwanta, ku ajiye waya, don a zauren ma ba a bar kowa ya ɗaga ta ba. Ku kunna rubutun ƙasa, saboda wani lokaci yana magana ƙasa-ƙasa da karin harshen mutanen Jersey.