Daga ina kalmar "tsimes" ta samo asali?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da kalmar "tsimes" ta harshen Yidish, wato harshen Yahudawan Ashkenazi na Tsakiya da Gabashin Turai. Na fahimci sunan wani abinci ne mai zaƙi, amma na ga ana amfani da ita a inda babu zancen girki ko kaɗan. Shin asalinta Ibrananci ne?

Uwar Ɗalibai:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba Ibrananci ba ne, ko da yake da haruffan Ibrananci ake rubuta Yidish, abin da kan rikitar da mutane da dama. Ginshiƙin harshen tsohon Jamusanci ne, kuma ƙamusoshi da yawa suna danganta kalmar da "imbiz", wato ɗan abinci, wadda har yau Jamusawa ke kiran abincin taɓa-ka-lashe da ita, suna cewa "Imbiss". Akwai masu cewa daga "tsim esn" ta fito, ma'ana "don ci", sai dai a ganina wannan bayani ne da kamancin sauti ya haifar bayan an manta tushen.

Dattijon Zaure:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa, bari in ƙara da batun abincin kansa. Karas ake yankawa zagaye-zagaye, a haɗa da zuma da zabibi da wasu busassun 'ya'yan itatuwa, wani lokaci da naman ƙirjin saniya, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har karas ɗin ya yi laushi, ruwan ya yi kauri yana sheƙi. An fi cin sa a Rosh Hashana, sabuwar shekarar Yahudawa da ke faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba, saboda zaƙin fata ne na shekara mai daɗi, yankan kuma ya yi kama da tsabar zinariya. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa "mern" a Yidish tana nufin karas, tana kuma nufin ƙaruwa.

Uwar Ɗalibai:
Ɗaya ma'anar da ka tambaya, Malam, daga wahalar girkin ake ganin ta fito. Idan aka ce wani ya yi "tsimes" a kan wani al'amari, ana nufin ya mayar da ƙaramar magana babba. Yahudawa kimanin miliyan 2 da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1924 ne suka shigar da wannan salon magana cikin Turancin birnin New York.