Zan canza matakin ƙafa da libar giya na mashin ɗina, wai zai shiga kuwa?

Dogon Wudil:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar mashin ku taimaka min da shawara. Mashin ɗina irin mai injin CG 125 ɗin nan ne ɗan Chana, shekara uku yana hannuna, ba ruwansa. Matsalar ni dogo ne, kullum daga Wudil zuwa cikin Kano in je in dawo, kafin in kai Mariri gwiwata ta riƙe. To wani yayana ya ba ni matakan ƙafa na wani mashin nasa da ya yi hatsari, irin waɗanda ake ɗaurawa can gaba mutum ya miƙe ƙafa, sun zo da libar birki da libar giya. Amma tasa libar giyar ba kai tsaye take kama shaf, wato ƙarfen da ya fito daga inji, ba, akwai wani siririn rodi mai ƙwallo a kai biyu da ya haɗa ta da wani ɗan guntun hannu. Tawa kuwa liba ɗaya ce tal a jikin shaf. Na gwada cusa guntun hannun a shaf ɗina ya shiga rabi ya cije. In buga da guduma ko in ƙyale?

Oga Panteka:
Wa alaikumus salam. Ajiye gudumar nan ƙanena, ajiye ta. Abin da ya shiga rabi ya cije yana gaya maka haƙoran ba ɗaya ba ne. Bakin shaf ɗin giya yana da ƙananan haƙora a zagaye, cikin ramin libar ma haka, kuma kowane kamfani da kaurin shaf ɗinsa da yawan haƙoransa, wani bambancin bai fi milimita ɗaya ba ido ba zai gani ba. In ka buga zai shiga, sati biyu haƙoran sun cinye juna liba ta koma tana juyawa a banza, kuma ba libar kaɗai za ka yi asara ba har shaf ɗin, shi kuwa canza shi sai an zubar da baƙin mai an buɗe murfin inji ta ɓangaren kuloci.

Amma tukuna, ka cire ƙaramin bol ɗin da ke matse bakin hannun gaba ɗaya? Na sifana lamba 10 ɗin nan. Ba sassautawa ake yi ba, zare shi ake yi duka, don shaf ɗin yana da wani kwarmi a tsakiya da bol ɗin ke ratsawa, in yana ciki ko haƙoran sun yi daidai ba zai wuce rabi ba. Yara nawa na gani suna ta fama da wannan a gareji. Ka zare, ka wanke haƙoran da fetur da tsohon buroshi, ka sake gwadawa da hannu kawai.

Dogon Wudil:
Oga na zare bol ɗin, na wanke, har ɗan sukundireba na sa na buɗa bakin kaɗan. Yanzu yana shiga amma yana lilo, in na juya sai ya yi ƙaras ƙaras yana tsallake. Ke nan bai yi ba ko?

Na Layin Kabukabu:
kai ɗan uwa kana wahalar da kanka wlh, kai shi gun mai walda ya ɗiga maka wuta biyu a baki shikenan, mu haka muke yi in liba ta cinye kuma muna aiki lafiya lau

Oga Panteka:
Lafiya lau har ranar da ka faɗi libar ta lanƙwashe. A bayan shaf ɗin nan akwai oyil sil na roba mai tare baƙin mai, zafin walda yana dafa shi, sai ka ga baƙin mai yana tsatsafowa ta wurin kana zargin gasket. Ran da za a cire kuwa sai an sa giranda an yanke. Ku masu haya na san uzurinku, in mashin ya kwana a gareji babu balas, amma wannan bawan Allah ba gaggawa yake ba.

Ƙanena ga abin da za ka yi. Ka sayi wata libar ta irin mashin ɗinka, ko ta hannu ce in dai haƙoranta da rai, Fagge ko Ƙofar Ruwa ba za ka rasa ba. A yanke kan nata mai haƙoran, a yanke na guntun hannun a jefar, a haɗa wannan da wancan a yi waldar a ƙasa, nesa da mashin. Ka ga shaf bai ji wuta ba kuma duk ranar da ka gaji sai ka mayar da tsohuwar libarka. Kar ka yanka ta asalin, ajiye ta a gida.

Abban Yara:
Malam ni na taɓa yin irin wannan, bari in gaya maka inda na sha kunya. An gama ɗaurawa na hau na taka ƙasa da nufin lamba ɗaya, ashe giyar ta juye, abin da nake takawa ƙasa da yanzu sai na ɗaga sama. Dalili kawai guntun hannun da ke jikin shaf yana kallon ƙasa shi kuma na jikin libar yana kallon sama. In ɗaya sama ɗaya ƙasa giya za ta juye, in duka biyu suna kallon waje ɗaya to yadda ka saba haka za ta zauna. Ni da na ce ai zan saba, kwana uku a kan titi na zo ƙara giya na rage, tayar baya ta yi kuka, a ranar na koma aka juya min.

Sannan rodin nan ka lura, yawanci ɗaya kan zarensa na dama ne ɗayan na hagu, shi ya sa in ka murza shi a tsakiya yake ƙara tsawo ko ya rage ba sai ka kwance ba. Notin ɓangaren hagun baibai ake kwance shi, kar ka yi ta ja ka gutsure. Kuma kar ka warware shi sosai don neman tsawo har ya rage zare biyu uku ne ke riƙe, in bai kai ba a nemo dogo.

Oga Panteka:
Abban Yara ya faɗi gaskiya. In ƙara, rodin ya haɗu da kowane hannu a kusurwa kamar ta sukwayar kafinta, in ya kwanta da yawa za ka ga ƙara giya da sauƙi ragewa da wuya, ko firi, wato inda mashin ba ya cikin giya, ya riƙa ɓace maka. In giyar ta yi tauri a ƙara wa hannun shaf tsawo kaɗan, za ta yi laushi amma takun zai yi nisa.

Ni birkin ya fi damuna ma, kowa ya manta da shi. Rodin birkinka na baya ba zai kai can gaba ba, kuma ba wurin da ake ƙari da guntun ƙarfe a ɗiga walda sama sama ba ne. A bar wa libar wasa kamar milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama, a zauna mutum biyu a kan mashin a danna a ga ko birkin na kama kansa, a mayar da sifirin ɗin wutar birki. Ka duba jak ɗinka na gefe ma, a irin injin nan sau da yawa a jikin ƙarfen matakin da ke ɗaure ƙarƙashin inji yake, ka cire ƙarfen ka rasa inda za ka jingina mashin.

Dogon Wudil:
Allah ya saka da alheri Oga, Abban Yara na gode. Na leƙa yanzu, wallahi jak ɗin a jikin ƙarfen yake kamar yadda ka ce, don haka ƙarfen zai zauna, robobin kawai zan cire. Asabar in sha Allah zan shiga Fagge da tsohuwar libar a aljihu in gwada. Tambaya ɗaya, ƙwallon da ke kan rodin ɗaya yana ɗan girgiza in na ja shi, giris zai isa ko shi ma canzawa zan yi?

Oga Panteka:
Canza. Giris ba ya mayar da abin da ya cinye. Ka tafi da rodin duka don a duba na hagu ne ko na dama.