Muhawara: Boston ta gama da rukunin Atlantic, ko da sauran magana?

Zauren 'yan Arewa masu kallon NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, Fabrairu 2023, lokacin hutun tsakiyar kaka na All-Star

Nura (Boston): Assalamu alaikum jama'a. Tunda an tafi hutu, bari in faɗi abin da ke raina: kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, na bana na Boston Bruins ne. Wasa 51 suka buga, sun ci 39, an doke su sau 7, sun faɗi sau 5 bayan ƙarin lokaci, maki 83. Toronto da ke biye da su a rukunin Atlantic an ba ta ratar fiye da maki 10, kuma ranar 1 ga wata har gida muka bi ta muka ci ta 5-2. Wasa 14 na farko a gida duk mun cinye, ba a taɓa yin haka ba a tarihin NHL. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Alhaji Garba (Mississauga): Wa'alaikumussalam ɗana. Larabar Tampa Bay ma ta yi kyau a 2019. Wasa 62 suka ci, maki 128, kowa ya miƙa musu kofi tun kafin a gama kaka. Sai Columbus ta share su 4-0 a zagayen farko, ko wasa ɗaya ba su tsira da shi ba. A wannan shekarar dai, farkon Janairu, St. Louis ce ta ƙarshe a duk gasar. Wa ya ɗaga kofi a Yuni? St. Louis. A ina? A Boston, a wasa na bakwai. Kai ka fi ni sanin wannan daren.

Nura: Alhaji, da girmanka, mai goyon bayan Toronto, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1967, bai kamata ya buɗe littafin tarihi ba.

Alhaji Garba: Ai shi ya sa na fi ka sanin cewa teburin Fabrairu ba kofi ba ne. Bara Auston Matthews ya ci ƙwallo 60, muka gama kaka da maki 115, Tampa ta fitar da mu a wasa na bakwai. Tun 2004 ba mu wuce zagayen farko ba. Ciwo ne nake faɗa maka, ba gori ba.

Idi (Kano): Manya ku yi haƙuri, ni a intanet nake ɗan leƙa wasan. Wanda ya fi maki ba shi ke ɗaukar kofi ba kamar Firimiya?

Hajiya Rabi (Winnipeg): A'a ƙanena. Wasa 82 ake yi a kaka, nasara maki 2, wanda ya faɗi bayan ƙarin lokaci maki 1. Wanda ya fi kowa maki ana ba shi Presidents' Trophy, amma ba shi ake nema ba. Uku na sama a kowane rukuni, da wasu biyu daga kowane ɓangare, Gabas da Yamma, su ke shiga zagayen fitar da gwani. Zagaye huɗu ne, a kowanne sai ka ci abokin karawarka sau huɗu. Tun Chicago a 2013 babu wanda ya haɗa kofunan biyu.

Nura, ni ban raina Boston ba. Sun fara kaka babu Marchand babu McAvoy, duk suna jinyar tiyata, ga sabon koci Jim Montgomery, amma ba su girgiza ba. Linus Ullmark yana tare sama da kashi 93 cikin 100 na abin da aka buga masa, in ya huta Swayman ya shiga raga. Pastrnak ya doshi ƙwallo 40. Duk na yarda. Inda na rabu da kai shi ne, wasan fitar da gwani da ake farawa a Afrilu wani wasa ne daban. Yanzu yau ka kara da wannan, jibi da wancan, wani ya iso garinka a gajiye daga doguwar tafiya. Can kuwa ƙungiya ɗaya za ta zauna maka mako biyu, kocinta ya karance ka tsaf, ya san ta ina kake fita da ƙwallo daga gidanka, ya toshe. Babu rage 'yan wasa zuwa uku-da-uku a ƙarin lokaci kamar yadda ake yi a cikin kaka, babu bugun fenariti na raba gardama. Minti 20 ake ta ƙarawa biyar-da-biyar har wani ya ci. Bergeron shekararsa 37, Krejci 36, kuma su ne 'yan tsakiyarku na farko da na biyu. Wasa 16 ake so ka ci cikin wata biyu ana bugun jiki da katanga. In ɗayansu ya ji rauni, wa zai tsaya a gurbinsa?

Nura: Aunty, wannan tambayar ta shafi kowa. Matthews ma yanzu haka yana jinyar gwiwa. Kuma ku riƙa kawo misalin da ya yi daidai: Montreal ta 1977 ta tara maki 132 cikin wasa 80, ta kuma ɗauki kofi. Ba kowane mai ƙarfi ne Tampa ta 2019 ba.

Sadiq (Hamilton): Yaya Nura, ka tsallake mako guda. Kafin ku ci Toronto, sau uku a jere kuka faɗi: Tampa, Florida, Carolina. Biyu daga cikinsu 'yan rukuninku ne. Ni dai Buffalo nake so a lura da ita. Tage Thompson ya zura ƙwallo 5 a wasa ɗaya a Columbus cikin Disamba, kuma muna dab da samun gurbi a zagayen fitar da gwani. Tun 2011 muke jira.

Nura: Buffalo tana ci, ana kuma cin ta. Gyara tsaron gida tukuna.

Alhaji Garba: Ku bar Buffalo, ga abin da ke cina a rai. Toronto da Tampa duk suna cikin biyar na sama a Gabas, amma tun Disamba kowa ya san su za su haɗu a zagayen farko, don tsarin da aka kawo a kakar 2013-14 ya ce na biyu da na uku a rukuni su kara. To me muke bugawa daga yanzu zuwa Afrilu? Wa zai fara a gida, shi ke nan. Wanda ya tsira kuma, ƙila Boston ce ke jiransa a zagaye na biyu. Ƙungiyoyi uku masu ƙarfi, biyu dole su koma gida kafin a kai wasan ƙarshe na Gabas. Wannan ba adalci ba ne. A koma tsohon tsari, na ɗaya da na takwas, na biyu da na bakwai. Kyaftin ɗin Pittsburgh Sidney Crosby da kansa ya ce shi ya fi so.

Hajiya Rabi: Nan kam ina bayanka Alhaji. Kuma in ni ce Nura, Tampa zan ji wa tsoro. Kofi a 2020 da 2021, wasan ƙarshe a 2022. Stamkos ya cika ƙwallo 500 a watan jiya, Kucherov da Point lafiyarsu ƙalau, Vasilevskiy na raga. Mutanen nan ba sa kashe kansu a kan maki a Janairu, sun san lokacin da ake buƙatar ƙarfi. Bara Florida ce ta fi kowa maki, 122, Tampa ta share ta 4-0. Ga Florida yau, ta ba da Huberdeau da Weegar ta karɓo Matthew Tkachuk, amma tana wajen layin shiga zagayen fitar da gwani.

Nura: Na ji ku. Amma har yanzu babu wanda ya faɗa min ƙungiyar da za ta ci Boston sau huɗu cikin wasa bakwai, alhali cikin wasa 51 sau 7 kacal aka doke ta kafin ƙarin lokaci. Ku kira suna.

Alhaji Garba: Tampa. Ko mu, in Samsonov ya tsaya daidai a raga kuma manajanmu Dubas ya sayo mana ɗan tsakiya mai ƙwari kafin a rufe kasuwar 'yan wasa ranar 3 ga Maris.

Hajiya Rabi: Ni Carolina na kira. 4-1 ta ba ku, kuma ba ta bar ku kun sha iska ba.