Za a kawo min karnuka biyu situdiyo ranar Asabar: takardar bango zan saya ko fitila ta biyu?

Nura Barnawa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Shekara shida ina ɗaukar biki da suna da fasfo a Kaduna, amma ban taɓa ɗaukar dabba ba in ba ragon layya ba. Wani likitan dabbobi mai kiwon karnuka zai kawo min guda biyu ranar Asabar: Rottweiler baƙi mai ɗan ja a baki da ƙafafu, da wata 'yar Lhasa fara sol mai gashi har ƙasa. A situdiyo yake so, ba a waje ba, don hoton talla ne. Ɗakina mita huɗu ne da biyar, ƙasan tayil. Ina da babbar fitilar situdiyo Godox SK400II guda ɗaya da lemar watsa haske, da ƙaramin filash na kan kyamara, da farin yadi, da fleks, wato bangon leda mai hoton furanni, na amare. Dubu 120 ce a hannuna. In sayi takardar bango ruwan toka, ko in ƙara fitila? Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba.

Sadiq Lens:
Wa alaikumus salam. Farin bango kawai, ka haska shi sosai, komai zai fito tsaf. Da shi nake duk aikina.

Maman Ilham:
Sadiq, ka karanta kuwa? Ɗayar fara ce. Fari a kan fari ai idanu da hanci kaɗai za a gani. Kuma da wace fitilar zai haska bangon, alhali guda ɗaya gare shi?

Ɗan Zariya:
Ka fita da su fili da la'asar sakaliya, hasken Allah kyauta ne.

Nura Barnawa:
Malam, na ce mutumin situdiyo yake so.

Baba Hoto Jos:
Nura ɗana, ruwan toka shi ne amsarka, shi ke karɓar baƙi ya karɓi fari. Amma matsalar baƙin kare ba ta bango ba ce, ta haske ce. Gashinsa shanye haske yake yi, in ka haska shi daga gaba kaɗai zai fito kamar buhun gawayi mai idanu. Ka sa babbar fitilar a gefe, ta ɗan fi kansa tsawo, ta yadda hasken zai goga gashin ya yi sheƙi. Ƙaramin filash ɗin ka cire shi daga kan kyamara, ka ajiye shi can baya ta ɗaya gefen, ya zana maka layin kunnuwa da gadon baya. In ka bar shi a kan kyamara idanun za su fito kore shar, domin akwai wani shimfiɗi a bayan idon kare mai mayar da haske, shi ya sa suke walƙiya da dare. Ka ɗauka a f/8, wato ka ɗan tsuke ramin lens, saboda tsinin bakinsa: in ka buɗe lens da yawa ido zai fito, hanci ya dushe. Saurin shata kada ya wuce 1/200 na daƙiƙa. Kuma ka durƙusa, kyamara ta yi daidai da idonsa.

Auwal Sabon Gari:
Ni shawarata ɗaya ce, kada ka yarda kare ya taka maka situdiyo. Shekara biyu da suka wuce wani attajiri ya aiko yaronsa da wani kare jinsin Boerboel, wallahi ya fi buhun siminti nauyi. Sabuwar takarda na shimfiɗa, ta kamfanin Savage mai faɗin mita 2.72, ko mutum ɗaya ban ɗauka a kanta ba. Yana shigowa ya tsuguna ya yi fitsari a tsakiya. Muka yanke wajen, muka sake jawowa. Lokacin fitilun halojin nake kunnawa, ɗakin ya ɗau zafi, karen ya zaro harshe yana haki, yawu na ɗiga kan takarda. Yaron ya saki igiya wai don kada ta fito a hoto. Ina danna filash ɗin farko ya zabura, faratansa suka zame, ya ja wayar, fitilar ta taho da ƙafarta ta daki tayil. Na kai hannu in tare, ya cafke ni a tsintsiyar hannu.

Na wanke da sabulu da ruwa kusan minti sha biyar kamar yadda ake cewa, na tafi asibiti. Suka ce ina katin rigakafin karen? Yaro ya kira maigida, maigida ya ce katin ya ɓata. Haka na yi ta zarya ina karɓar allurar haukan kare, ranar farko, ta uku, ta bakwai, ta sha huɗu, ta ashirin da takwas, duk daga aljihuna. Sati biyu ban iya riƙe kyamara ba, biki biyu suka wuce ni. Da na je gidan kan maganar fitila, a bakin get aka tsayar da ni, karen da ya cije ni yana haushi daga ciki. Aka ce wai ni na tsorata shi. Sisi ban samu ba. Tabon yana nan har yau, in sanyi ya shigo sai ya riƙa tsukuna.

Maman Ilham:
Subhanallahi. Allah ya mayar maka da alheri, Yaya Auwal. Nura, ka ji: kati tukuna kafin kare ya shigo. Tunda likita ne ba shi da uzuri.

Auwal Sabon Gari:
Amin. Kati ba ya hana cizo, Hajiya.

Baba Hoto Jos:
Allah ya ƙara sauƙi, Auwal. Amma abu uku aka yi ba daidai ba a wurinka: fitila mai zafi, ƙasa mai santsi, da ƙafar fitila ba nauyi. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce zafi. A ɗaura wa kowace ƙafa jakar yashi, a sa tabarmar roba a ƙasa, a bar igiya a wuyansa a goge ta a Photoshop. Kuma a bar shi ya shinshina ɗakin, a danna filash nesa da shi sau uku huɗu ana ba shi nama, kafin a fara.

Auwal Sabon Gari:
Baba, da girmanka, karnukan Jos ba irin namu ba ne. Can kowane gida da kare, sun saba da mutane.

Kb Pixels:
Hhh, to Nura ka tanadi tsire na dubu biyu, rabi na kare rabi na mai riƙe rifilekta, faifan mayar da haske. Ni tambayata: in ka ce ya yi murmushi ya buɗe haƙora, ka tsaya ko ka gudu?

Sadiq Lens:
Takardar nan dubu 95 aka ce min a Legas watan jiya, ban da kuɗin mota.

Kb Pixels:
Ina! Dubu 60 na sayi tawa a Abuja.

Sadiq Lens:
Taka ƙaramar ce mai mita 1.35, Rottweiler in ya kwanta wutsiya za ta fita waje.

Maman Ilham:
Ba wutsiya ce damuwar ba, farata ne. Ku bar takarda. Ni leda nake sawa, irin ta bangon hoto marar sheƙi, dubu 45 na saya, yara sun zubar da lemo sun yi fitsari, tsumma ɗaya ya goge. Kada dai ka sayi mai ƙyalli, za ta mayar maka da haske kamar madubi.

Ɗan Zariya:
A Kantin Kwari yadi shida na ruwan toka ba zai kai dubu 20 ba.

Maman Ilham:
Yadin ya kwashe gashin Lhasa kaf, ka kwana kana gogewa a kwamfuta. Ga yamutsewa.

Kb Pixels:
Duk wahalar banza ce. Ka ɗauka a kowane bango, manhaja ta cire ta sa wani. Kyamarori ma yanzu da kansu suke kama idon dabba. Zamanin fim ya wuce, Baba.

Baba Hoto Jos:
Kabiru, ka taɓa yanke gashin farin kare daga fleks mai furanni? Jan furen yana shiga cikin gashin, babu manhajar da za ta fitar da shi tsaf. Na ɗauki karnuka sun fi yawan shekarunka. Nura, farin yadinka ma zai zama ruwan toka in ka hana haske isa gare shi. Duk nisan da ya ninka, haske kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ka matso da fitila kusa da kare, ka nisanta kare da bango mita biyu.

Kb Pixels:
Mita biyu a ɗaki mai mita biyar? Shi mai ɗaukan a titi zai tsaya? Ga lema tana watsa haske ko'ina. Ni a YouTube na koya, kuma ina cin abinci da shi.

Malam Sani Tudun Wada:
Ba wanda ya yi maganar najasa. A ɗakin nan kake salla, Nura, amare kuma suna jan kaya a ƙasa.

Ɗan Zariya:
Malam, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Shafi'iyya ne suka tsananta.

Malam Sani Tudun Wada:
Fitsarin fa? Da cinikin karen da za a yi wa talla? A tambayi malamai, ba masu kyamara ba.

Auwal Sabon Gari:
Ko an halatta, a karɓi kuɗi gaba ɗaya kafin a danna. Masu tallan nan su ne suka fi cin amana. Ka tura samfuri da tambarinka, su yanke tambarin su ɗora a Instagram, cikon kuɗi kuma sai a lahira.

Maman Ilham:
Wannan kam har amare. Wata tun bayan Sallah take riƙe min dubu 35, hotunana na kan shafin mai kwalliyarta, ko sunana ba a sa ba. Na yi magana aka ce na cika son kuɗi.

Sadiq Lens:
Ni yanzu kashi 70 kafin aiki. Kuma tambarin a tsakiyar fuska nake sa shi.

Kb Pixels:
Kashi 70? A unguwarmu in ka faɗi haka sai su tafi wajen mai iPhone.

Nura Barnawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira likitan, ya ce zai zo da katin, shi da kansa zai riƙe igiya. Rabin kuɗi ya turo. Baba, in na ɗauki ledar Maman Ilham, sauran dubu 75 zai sayi sofbos mai raga, akwatin nan mai tausasa haske ya hana shi watsuwa, da zai hau SK400II? Kuma farar, in rage fitilar ne ko in matsar da ita baya?

Maman Ilham:
Rabi kawai? Nura, kada ka tura masa ko hoto ɗaya sai ya cika.