Muhawara: Shin The Sonics na garin Takoma ne suka fara kiɗan pank?

Bazazzagi: Jama'a, assalamu alaikum. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau kuma ina so in ajiye ta a gabanku ku auna. Ana yawan cewa kiɗan pank, wato reshen kiɗan rok mai sauri da kaushi, a New York da Landan aka haife shi tsakanin 1974 da 1976, ni kuwa ina ganin wasu samari biyar na garin Takoma, a jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, sun riga kowa da shekara goma. Larry Parypa ne ya kafa ƙungiyar The Sonics a 1960 yana matashi, amma ba ta kankama ba sai da shi da ɗan'uwansa Andy suka haɗu da Gerry Roslie mai rera waƙa, da Rob Lind mai busa saksofon, da Bob Bennett mai ganguna. A ƙarshen 1964 suka fitar da "The Witch", a 1965 kuma faifansu na farko, Here Are The Sonics, ya fito. Duk wanda ya saurari faifan nan zai ji waƙoƙi gajeru, da jita mai kaushi, da mawaƙin da yake kururuwa kamar maƙogwaronsa zai tsage. Lokacin da tsaransu suke waƙar soyayya, su kuwa suna waƙar mayya da tabin hankali da shan guba. In wannan ba pank ba ne, ina so a gaya mini abin da ya rage masa.

Malama ta Jos: Wa alaikumus salam. Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka siffanta ba, domin ni ma na saurari faifan, kuma na ji kaushin da kake magana a kai. Inda muka rabu shi ne kalmar farawa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Idan za a ce wani ne tushen wani abu, dole a nuna silsilar da ta haɗa shi da waɗanda suka zo bayansa: wa ya ji daga wa, a ina, kuma yaushe. The Sonics ba su taɓa samun waƙar da ta yi fice a faɗin Amurka ba. Kamfanin da ya buga faya-fayansu, Etiquette, ƙarami ne na cikin gida, wanda Buck Ormsby da Kent Morrill na ƙungiyar The Wailers ta Takoma suke gudanarwa, kuma ba shi da ƙarfin kai kaya gabashin ƙasar da yawa. Samarin da suka kafa ƙungiyar pank ta Ramones a 1974 sun tashi ne a unguwar Queens ta New York, kuma waɗanda aka san sun yi musu tasiri su ne The Stooges da MC5 na jihar Mishigan da New York Dolls na garinsu. Sex Pistols a Landan ma waƙar The Stooges suka riƙa maimaitawa a dandali. Wannan silsila ce da ake gani a fili. Ina irinta ga mutanen Takoma?

Bazazzagi: Malama, ai ko sunan pank ɗin ma a kan irin su The Sonics aka fara sa shi. A 1971 marubucin nan Dave Marsh ya yi amfani da kalmar a mujallar Creem yana magana a kan wata ƙungiyar gareji, wato ta samari masu koyon kiɗa a garejin gida, ta shekarun 1960, sannan a 1972 Lenny Kaye ya tattara waƙoƙin irin waɗannan ƙungiyoyi a faifan Nuggets, wanda matasan New York suka ɗauka tamkar littafin karatu. Kaye ɗin nan kuwa shi ne ya zama mai jitar Patti Smith, mawaƙiyar pank ta New York. Ga silsila nan.

Malama ta Jos: Silsila ce, amma ba ta bi ta Takoma ba. Faifan Nuggets na 1972 babu The Sonics a cikinsa. Sai da kamfanin Rhino ya faɗaɗa shi a 1998 sannan aka shigar da su. Wannan kaɗai ya nuna cewa a shekarun da ake haƙa harsashin pank, sunansu bai kai kunnen da yawa daga cikin masu haƙan ba.

Mai gyaran rediyo: Ku yi mini izini in shigo ta ɓangaren sana'ata, domin abin da ake gardama a kansa sauti ne, sauti kuwa da kayan aiki ake yin sa. Faifan farko na The Sonics a ɗakin ɗaukar sauti na Kearney Barton a Siyatil aka ɗauke shi, da na'ura mai layi biyu kacal, gangunan Bennett kuma da makirfo guda aka kama su gaba ɗaya. Idan aka tura wa na'ura sautin da ya fi ƙarfinta, sai ƙololuwar sautin ta yanke, abin da ya fito ya zama mai hargowa da tsatsa. Injiniyan wancan zamani yana ɗaukar haka a matsayin kuskure, yana rage ƙarfi da zarar allurar na'ura ta shiga ja. Waɗannan yara kuwa nema suke a bar ta a can. An kuma ruwaito cewa Larry Parypa yana huda takardar lasifikarsa don ta riƙa kaɗawa da kaushi, kuma da suka je ɗaukar faifai na biyu, Boom, wanda ya fito a 1966, sun ɓamɓare kwalayen ƙwai da aka manna a bangon ɗakin don tsotse amsa-kuwwa, saboda suna son sautin ya fito kamar a zauren rawa.

To amma ɗan'uwa Bazazzagi, gaskiya ɗaya ce, dabarar lalata lasifika ba su suka fara ta ba. Link Wray ya huda tasa tun 1958 lokacin da ya ɗauki "Rumble", Dave Davies na The Kinks kuma ya tsaga tasa da reza kafin "You Really Got Me" ta fito a Ingila a watan Agusta na 1964, watanni kafin "The Witch". Abin da nake yaba wa mutanen Takoma shi ne sun haɗa duk kayan, da ganga da jita da busa da murya, suka tura su cikin ja a lokaci guda, ba jita kaɗai ba. A nan ne na yarda babu tsaransu a 1965.

Badamagare: Gaisuwa ga manya. Ni tambayata ita ce, me ya sa duk lokacin da aka tashi neman wanda ya fara, idanu ba sa wuce Amurka da Ingila? A 1964 ɗin nan da ake magana, a unguwar Lince ta birnin Lima a ƙasar Peru, wasu samari huɗu sun kafa ƙungiyar Los Saicos, da Erwin Flores a matsayin mai kururuwar tasu. A 1965 suka fitar da "Demolición", waƙar da take kiran a rushe tashar jirgin ƙasa, da Sifaniyanci suka rera ta, kuma waƙoƙinsu nasu ne na kansu. Sun yi tashe a ƙasarsu, sun watse a 1966 bayan ƙananan faya-fayai shida, duniya ba ta waiwaye su ba sai bayan shekara talatin da wani abu. Yau akwai allo a Lince da ke cewa a nan aka haifi pank. Babu alamar cewa samarin Lima da na Takoma sun san da juna a lokacin. Idan har mutane biyu da ba su taɓa jin juna ba suka fito da abu iri ɗaya a shekara ɗaya, to abin yana cikin iskar zamanin ne: jita mai lantarki ta yi araha, rediyo ya cika da rok, samari kuma ba su da haƙurin koyon kiɗa shekara goma kafin su hau dandali.

Bazazzagi: Wannan hujja ce mai nauyi, ƙanena, kuma ban raina ta ba. Sai dai ka lura cewa ta rusa iƙirarin New York da Landan kamar yadda ta taɓa nawa.

Dattijo na Kumasi: 'Ya'yana, na bi maganganunku tun daga farko, kuma akwai mutanen da ban ji an ambata ba, alhali su ne suke ƙarƙashin duk wannan gini. Ku ɗauko faifan Here Are The Sonics ku ƙirga. Waƙoƙi 12 ne a ciki, huɗu ne kawai nasu. Ɗaya ta The Wailers ce, sauran kuwa daga mawaƙa baƙar fata na Amurka suka ɗauko su: Chuck Berry, Little Richard, Rufus Thomas, Barrett Strong, Richard Berry da sauransu. Kururuwar nan ta Roslie da ake ta yabo, wanda ya san Little Richard na 1955 da 1956 ya san gidan da ta fito. Saksofon ɗin Rob Lind ma gadon makaɗan baƙar fata ne na shekarun 1950, kuma shi ne abin da ya bambanta ƙungiyoyin arewa maso yamma da na sauran wurare, domin su ba su yar da busa ba lokacin da kowa ya koma jita zalla.

Ku dubi Richard Berry musamman. Shi ya rubuta "Louie Louie", ya fitar da ita a 1957, waƙar da ta zama kamar taken yankin nan baki ɗaya: The Wailers sun yi ta a 1961, The Kingsmen na Potlan sun kai ta mataki na biyu a jerin waƙoƙin Amurka a 1963, The Sonics ma sun yi tasu. Shi kuwa mai waƙar ya sayar da haƙƙinta tare da wasu waƙoƙinsa a kan dala 750, sai a shekarun 1980 ya samu aka dawo masa da wani kaso. "Have Love, Will Travel" da kamfanin Land Rover ya sa a tallarsa a 2004, wadda ta sa mutane da yawa suka fara jin The Sonics, ita ma tasa ce. Ba na zargin samarin Takoma da sata, domin sun yi waƙoƙin ne saboda ƙauna, sunan mai waƙa kuma yana jikin faifai. Abin da yake damuna shi ne a riƙa neman uban pank a cikin jikoki, a bar kakanni a tsaye a waje.

Malama ta Jos: Baba ya faɗi abin da ya fi nawa muhimmanci, Allah ya ƙara girma. Ina so kuma in yi wa Malam Bazazzagi adalci, domin akwai silsila ta gaskiya da The Sonics suke da ita, sai dai ba inda yake nemanta take ba. Tana nan a gida. Takoma gari ne na ma'aikata, na tashar jiragen ruwa da katako, kusa da barikin soja na Fort Lewis da sansanin jiragen yaƙi na McChord, kuma kimanin kilomita 50 ne daga Siyatil. A wancan lokacin yankin yana da nasa zaurukan rawa na matasa, irin su Spanish Castle da ke tsakanin garuruwan biyu, da nasa gidan rediyo mai ƙarfi, KJR, inda mai gabatar da waƙoƙi Pat O'Day yake da ikon ɗaga waƙa ko kwantar da ita. Da O'Day ya yarda ya sa "The Witch", sai ta zama gagarumar waƙa a yankin ba tare da New York ko Los Anjalis sun sa baki ba. Faya-fayan nan sun zauna a gidajen mutanen yankin, yaran da aka haifa a shekarun 1960 suka tashi suka same su. Shi ya sa da Siyatil ta fito da nata kiɗan mai nauyi a ƙarshen shekarun 1980, mutanenta suka san su waye magabatansu. Kurt Cobain na Nirvana, ɗan garin Aberdeen na jihar, ya yaba sautin gangunansu a bainar jama'a, Eddie Vedder na Pearl Jam kuma ya hau dandali tare da su a shagon faya-fayai na Easy Street a Siyatil a 2015. A nan kam zan sa hannu cewa tasirinsu tabbatacce ne.

Bazazzagi: Na karɓi gyara a kan Nuggets, ban san ba sa cikin bugun farko ba. Na kuma janye kalmar farawa idan ana nufin cewa Ramones daga gare su suka koya. Amma Malama, kada mu tsare su a jihar Washinton kawai. The Cramps, waɗanda suka fito daga dandalin pank na New York ɗin kansa, sun sa waƙar The Sonics mai suna "Strychnine" a faifansu na 1980, The Fall na Ingila ma sun yi ta daga baya. Ke nan tun pank yana ɗanye akwai 'yan cikinsa da suka tono faya-fayan Takoma suka gane danginsu ne. Wanda 'ya'yan gida suka nuna suka ce namu ne, ban ga dalilin da zai sa mu na waje mu cire shi daga zuriyar ba.

Badamagare: Dangi kam na yarda, Yaya. Su da Los Saicos duka.

Mai gyaran rediyo: Akwai abu ɗaya da nake so a ƙara kafin a tashi, domin yana nuna inda ƙarfinsu yake. A 1966 sun bar Etiquette suka koma kamfanin Jerden, aka kai su Holiwud, ɗakin ɗaukar sauti na Gold Star, wanda yake cikin mafi shahara a Amurka a lokacin. Kayan aiki sun fi na Siyatil nesa ba kusa ba, an tsabtace sautin, an daidaita komai yadda rediyon ƙasa yake so. Faifan da ya fito, Introducing The Sonics, bai kai su ko'ina ba, masoyansu kuma har yau sun fi daraja biyun farko. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse. Rob Lind ya shiga sojan ruwa ya zama matuƙin jirgin sama a yaƙin Biyetnam, daga baya ya tuƙa jiragen fasinja, sauran kuma kowa ya kama sana'arsa. A 2007 Roslie da Lind da Larry Parypa suka sake haɗuwa a bikin Cavestomp a Brooklyn, suna dattawa masu shekara sittin da ɗoriya, a gaban matasan da ba a haife su ba lokacin da aka ɗauki waƙarsu "Psycho". Da suka tashi yin sabon faifai a 2015, This Is The Sonics, Jim Diamond na Detroit suka nema, wanda ya yi aiki da The White Stripes a farkonsu, kuma da sauti mai layi ɗaya aka fitar da shi, irin na rediyon da O'Day ya fara sa su a ciki.